Kirifto: Wa zai ɗauki nauyin ajiyar kundi idan kuɗin aikawa ya yi arha?

A makon ƙarshe na watan Agustan 2024, lokacin da guguwar mainin ke kaɗawa a tsakanin matasan Arewa, tun daga unguwannin birnin Kano har zuwa garuruwa irin su Gwarzo da Kabo, tsarin TON mai alaƙa da Telegram ya tsaya cik. An fara rabon kwandalar DOGS, miliyoyin mutane suka yi caa a lokaci guda kowa na son kwashe rabonsa, sai hanya ta cushe. Sau biyu cikin kwana biyu tsarin ya daina rubuta sabon ciniki, karon farko na kusan sa'o'i bakwai. Bayanin da masu kula da shi suka bayar shi ne, wasu daga cikin manyan kwamfutocin da ke tabbatar da ciniki sun kasa share tsoffin bayanai daga rumbunsu saboda yawan abin da ke kwararowa, har suka daina jituwa da juna.

Matashin da ke zaune a shagon cajin waya yana jiran kuɗinsa su faɗo, mai yiwuwa ya ɗora laifin a kan raunin sabis. A haƙiƙa ya ci karo ne da daɗaɗɗiyar taƙaddamar da ta fi kowace raba kan masu kirifto: idan jama'a suka yi yawa, a faɗaɗa hanya ne ko a bar ta yadda take, kuma wa zai biya kuɗin ajiye tarin bayanan da faɗaɗawar za ta haifar? Taƙaddamar ta sake tasowa a ƙarshen 2025, inda Bitcoin da Ethereum kowanne ya yanke shawarar da za ta shafi duk mai aika dala ta waya, ko da bai san an yi zaman ba.

Hanya mafi sauƙi ta gane matsalar ita ce a tuna adashe. Uwar adashe ita kaɗai ke riƙe littafi, kowa ya zuba ta rubuta, kowa ya kwasa ta rubuta. Aikin yana da sauri kuma babu tsada, amma komai ya rataya a kan amanarta. Abin da Satoshi Nakamoto ya ƙaddamar a watan Janairun 2009 adashe ne da babu uwa: duk mai so yana iya riƙe cikakken kwafin littafin a kwamfutarsa, ya bi kowane layi da kansa ya tabbatar babu maguɗi. Ana ƙara sabon shafi kusan kowane minti goma, kuma duk shafin da aka ƙara sai kowane mai riƙe da kwafi ya kwafe shi. A shekarar 2010 aka ƙayyade girman shafi a kan MB 1, abin da ya sa Bitcoin ba ya iya ɗaukar fiye da kimanin ciniki bakwai a daƙiƙa guda. Idan masu aikawa sun fi ƙarfin shafin, sai a koma gwanjo, wanda ya fi biyan la'ada shi ke shiga gaba.

Akwai wani abu a nan da ɗan kasuwar hatsi zai gane nan take. Wanda ya kai buhunan masara sito a Dawanau yana biyan kuɗin ajiya gwargwadon daɗewar kayansa, kuma mai siton ne ke karɓa. A kundin Bitcoin kuwa, sau ɗaya tak mai aikawa ke biya, kuɗin kuma aljihun mahaƙa suke shiga. Amma rubutun zai ci gaba da zama a dubban kwamfutoci har illa ma sha Allahu, masu kwamfutocin kuma ba a ba su ko kwabo. Wato mai sito daban, mai karɓar kuɗin sito daban. Duk wata gardama kan garambawul ga waɗannan tsare-tsare daga wannan giɓin take fitowa.

Yaƙin girman shafi

Daga 2015 zuwa 2017 aka gwabza abin da ake kira yaƙin girman shafi. A watan Agustan 2015 Gavin Andresen da Mike Hearn suka fito da manhajar Bitcoin XT wadda za ta ɗaga shafi zuwa MB 8, ya riƙa ninkawa duk bayan shekara biyu. Hujjarsu mai ƙarfi ce: kuɗin da talaka ba zai iya aikawa ba saboda tsadar la'ada, ba kuɗin talaka ba ne. Ɗaya ɓangaren ya amsa da cewa, duk lokacin da littafi ya yi nauyi, masu iya ɗaukarsa raguwa suke yi, har a wayi gari manyan kamfanoni kaɗai ke riƙe da shi, a koma gidan jiya, ga uwar adashe ta dawo da sabon suna.

Lissafin ba shi da wuya. Shafi 144 ake rubutawa a rana. In kowanne MB 1 ne, kundin zai ƙaru da kimanin GB 52 a shekara. In aka kai shi MB 32 kuma ya riƙa cika, ƙarin ya haura GB 1,600 a shekara. Ba a daidaita ba. Ranar 1 ga Agustan 2017 masu son babban shafi suka ɓalle suka kafa Bitcoin Cash, suka fara da MB 8, daga baya suka kai MB 32. Waɗanda suka tsaya suka karɓi gyaran SegWit a cikin watan, wanda ya sauya yadda ake auna shafi har zai iya kusantar MB 4 a wasu yanayi. Yarjejeniyar da wasu manyan kamfanoni suka ƙulla a New York don ninka shafin ta rushe a watan Nuwamba, bayan masu ƙananan kwamfutoci sun yi mata tutsu.

Kowane ɓangare ya ga abin da aka gargaɗe shi a kai. A watan Disambar 2017 matsakaicin kuɗin aikawa a Bitcoin ya haura dala 50. A Afrilun 2024, ranar da aka rage ladan mahaƙa da rabi, ya wuce dala 100 na ɗan lokaci. Shi kuwa Bitcoin Cash ya samu faffaɗan titi amma motoci ba su zo ba, shafukansa galibi fayau suke, kuma a Nuwamban 2018 shi ma ya sake darewa gida biyu.

In aka kawo lissafin Gwarzo

A yau kundin Bitcoin ya haura GB 600. A ɗauka wani malamin makaranta a Gwarzo, mai nisan kimanin kilomita 70 yamma da Kano, ya ƙudiri aniyar riƙe nasa kwafin don kada ya dogara da kowa. Ko da a ce naira 500 yake sayen kowane GB na data, saukar da kundin a karon farko kaɗai zai ci masa sama da naira 300,000, ban da kuɗin kwamfuta da rumbun ajiya. Akwai dabarar datse tsoffin shafuka bayan an tantance su, wadda ke rage wurin ajiya ƙwarai, amma ba ta rage datar saukarwa ko kaɗan, domin sai an karanta littafin tun daga farko kafin a yar da shi. A watan Janairun 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari.

Sai batun wuta. Kwamfutar da ke riƙe kundi ana so ta kwana ta wuni a kunne. A watan Oktoban 2024, bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu, yawancin jihohin Arewa sun shafe sama da mako guda cikin duhu, har da Kano da Katsina da Jigawa da ke ƙarƙashin KEDCO. Wannan a birni ke nan. Mutanen karkara ba sa buƙatar a lalata wani layi kafin su san duhu. A Ethereum al'amarin ya fi tsanani: cikakkiyar kwamfutar ajiya na buƙatar rumbu mai sauri na kimanin GB 2,000, mai son shiga sahun masu tabbatar da ciniki kuma sai ya ajiye jinginar ETH 32, sannan a riƙa zaftare masa wani abu a duk lokacin da kwamfutarsa ta mutu.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, ko ƙaramin shafin da aka yi yaƙi don a kare shi ya riga ya fi ƙarfin mafi yawan mutanen Gwarzo da Kabo. Masu cewa a bar shafi ƙarami don kowa ya iya riƙe kundi, “kowa” ɗin da ke zuciyarsu mutum ne mai wutar da ba ta ɗaukewa da intanet marar iyaka. Masu cewa a faɗaɗa don talaka ya samu arha kuwa, sun yarda talakan ya zama abokin ciniki kawai, babu shi a cikin masu duba littafi. Duka ɓangarorin da sunan talaka suke magana, ba tare da an tambaye shi ba.

Abin da aka yanke a ƙarshen 2025

Sabuwar rigimar Bitcoin ba kan girman shafi ba ce, kan abin da ya halatta a rubuta a cikinsa ne. Tun Janairun 2023, da Casey Rodarmor ya fito da dabarar Ordinals, mutane suka fara cusa hotuna da wasu tarkacen kwandaloli cikin kundin. Wannan ya kusan ninka jerin kuɗaɗen da ba a kashe ba, jerin da dole kowace kwamfuta ta riƙe a kusa, ba a iya datse shi. A watan Oktoban 2025 aka saki Bitcoin Core 30, manhajar da mafi yawan masu riƙe kundi ke amfani da ita, aka ɗaga iyakar wani ɗan gurbi na rubuta bayanan da ba na kuɗi ba, mai suna OP_RETURN, daga bayit 83 zuwa 100,000. Masu gyaran sun ce tunda ba a iya hana shigar tarkacen, gara a buɗe masa ƙofar da illarta ta fi sauƙi, domin abin da ya shiga ta wannan gurbi ba ya ƙara wa wancan jerin nauyi, kuma iyakar shafin tana nan yadda take. Masu adawa, waɗanda Luke Dashjr ke kan gaba a cikinsu, sun ce an mayar da littafin kuɗi juji, kuma an jefa masu ajiya cikin haɗarin riƙe abin da doka ko lamiri ba su yarda da shi ba. Dubbai suka koma manhajar Bitcoin Knots, har ta kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na kwamfutocin da ake iya gani.

Ta fuskar fasaha zalla, hujjar masu gyaran ta fi tsayuwa da ƙafafunta. Amma ƙorafin masu adawa yana da tushe: mutumin da ya sadaukar da wutarsa da datarsa don tsare littafin kuɗi, ba lallai ne ya yarda ya zama mai gadin hotunan wasu kyauta ba.

Ethereum ya bi wata hanya dabam, wadda ta fi kama da sito mai wa'adi. Tun garambawul ɗin Dencun na 13 ga Maris 2024, ana barin ƙananan tsare-tsare irin su Arbitrum da Optimism da Base su tattara dubban ciniki a wajensu, su dunƙule, su kawo wa uwar kundi a ƙunshi guda. Ƙunshin ba ya dawwama, bayan kimanin kwana 18 kwamfutoci na da damar share shi. Nan da nan kuɗin aikawa a waɗannan ƙananan tsare-tsare ya faɗi zuwa 'yan kwabbai. A Mayun 2025 garambawul ɗin Pectra ya ƙara yawan ƙunshin da shafi ke ɗauka daga shida zuwa tara. Sai Fusaka a ranar 3 ga Disambar 2025, wanda ya ce ba sai kowace kwamfuta ta sauke ƙunshi gaba ɗaya ba, kowacce ta riƙe wani yanki, a riƙa ɗanɗana samfuri don a tabbatar sauran yana nan, kamar yadda mai sayen hatsi ke soka buhu ya duba abin da ya fito ba tare da ya zazzage shi ba.

Dabara ce mai kyau, amma tana da nata farashin. Bayan wa'adin ya cika, mai neman tsohon bayani sai ya je wurin wanda ya ga dama ya adana. Yawancin ƙananan tsare-tsaren kuma kamfani guda ne ke jera cinikinsu, in kwamfutarsa ta tsaya kowa ya tsaya. Gadojin da ake bi a tsallaka da kuɗi daga wannan tsari zuwa wancan su ne wuraren da ɓarayin intanet suka fi yi wa ɓarna, kamar yadda aka kwashe sama da dala miliyan 600 daga gadar Ronin a Maris 2022. A ɓangaren Bitcoin ma akwai makamancin wannan, wato Lightning, wanda ke aiki kamar littafin bashi tsakanin mai shago da abokin cinikinsa, a yi ta saye ana rubutawa a gefe, sai an tashi rufe lissafi a kai babban kundi.

Zaɓin da 'yan kasuwa suka riga suka yi

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Farm Centre da ke biyan mai kaya a China bai jira ƙarshen wannan muhawara ba. Abin da ya fi amfani da shi USDT ne, kuma sau da yawa ta kan Tron, saboda sauri da sauƙin la'ada. Tron na rubuta shafi duk daƙiƙa uku, kuma wakilai 27 kacal ne ke da ikon rubutawa. A nan saurin ya samo asali. Ko a hakan la'adar ta yi ta hawa tare da farashin TRX, har sai da wakilan suka zaftare ta da kusan kashi 60 cikin ɗari a Agustan 2025. Mutum 27 sun fi saurin yanke shawara a kan dubbai, kuma sun fi sauƙin matsa wa lamba. Ita kanta USDT, a kan kowane tsari take, kamfanin Tether na da ikon daskarar da ita a duk lalitar da ya ga dama, kuma ya sha yin hakan bisa buƙatar jami'an tsaron ƙasashe.

Bugu da ƙari, kaso mai yawa na cinikin da ake yi a Najeriya ba ya taɓa kundin ko kaɗan. Idan mutum biyu suka yi musaya a cikin manhajar kamfani ɗaya, kamfanin ne kawai ke sauya lambobi a littafinsa na cikin gida. An ga abin da hakan ke nufi a farkon 2024, lokacin da Gwamnan Babban Banki, Olayemi Cardoso, ya ce dala biliyan 26 sun bi ta Binance a Najeriya cikin shekara guda, aka tsare jami'an kamfanin biyu a Abuja, kamfanin kuma ya rufe duk wata hulɗa da naira a watan Maris. Mafi muni shi ne rushewar CBEX a Afrilun 2025, inda jama'a suka yi ta kallon lambobi na hauhawa a fuskar waya alhali babu wani kundi da za su duba su tabbatar kuɗin na nan.

Ba abin zargi ba ne ɗan kasuwa ya bi arha, ribarsa ke nan. Abin da ya kamata ya sani shi ne, duk inda la'ada ta yi sauƙi ƙwarai, an rage yawan masu duba littafin ne, ko an rage daɗewar ajiyarsa, ko an miƙa shi hannun kamfani guda. Kuɗin cefane da kuɗin kwantena ba su cancanci hanya ɗaya ba. Kuma kafin a danna aikawa, a tabbatar tsarin mai aikawa da na mai karɓa ɗaya ne, domin USDT da aka tura ta hanyar da lalitar mai karɓa ba ta sani ba, dawo da ita aiki ne ja, wani lokacin ma ta tafi ke nan.

Ina hukuma a ciki?

Tun Janairun 2017, zamanin da Mounir Gwarzo ke shugabantar Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari, SEC, hukumar ta gargaɗi jama'a kan zuba kuɗi a kirifto. Ranar 5 ga Fabrairun 2021 Babban Banki ya haramta wa bankuna hulɗa da masu harkar, ya janye haramcin a Disambar 2023. A Agustan 2024 SEC ta bai wa Busha da Quidax amincewar farko, sannan a Maris 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sabuwar dokar zuba jari wadda ta shigar da kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar. Duk waɗannan matakai a bakin ƙofa suka tsaya, wato wurin da naira ke haɗuwa da kirifto. Babu wanda ya taɓo tambayar inda kundin yake a ajiye da kuma wa ke da murya idan za a sauya dokokinsa, duk da cewa kamfanin Chainalysis ya sanya Najeriya ta biyu a duniya wajen rungumar kirifto a 2023 da 2024, ya kuma ƙiyasta kimanin dala biliyan 59 sun shigo mata ta wannan hanya daga Yulin 2023 zuwa Yunin 2024.

Gwajin da gwamnati ta yi da kanta, eNaira, wanda aka ƙaddamar ranar 25 ga Oktoban 2021, ya kauce wa matsalar ajiya gaba ɗaya ta hanyar barin littafin a hannun Babban Banki. Bai samu cunkoso ba, domin jama'a ba su zo ba. Wani nazari na Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 2023 ya nuna kashi 98.5 cikin ɗari na lalitocin da aka buɗe ba a taɓa su a cikin mako. A lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuwa, manhajojin bankuna ne suka riƙa durƙushewa saboda yawan masu turawa, abin da ke tuna cewa ciwon cunkoso bai taƙaita ga kirifto ba.

Najeriya ba ta rasa wakilci ɗungurungum ba. Abubakar Nur Khalil na cikin 'yan Najeriyar da suka ba da gudunmawa ga manhajar Bitcoin Core, yana kuma cikin amintattun farko na gidauniyar Btrust da Jack Dorsey da Jay-Z suka kafa a 2021 da Bitcoin 500 don horar da masu rubuta manhaja. Amma 'yan ƙalilan ne idan aka kwatanta da miliyoyin masu amfani. Majalisar Zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan fasahar bulokcen a Mayun 2023, zamanin ministan sadarwa Isa Ali Pantami, sai dai har yanzu amfaninta bai iso ƙananan hukumomi ba.

Abin da ya fi ƙarfin mutum guda bai fi ƙarfin makaranta ko ƙungiya ba. Babbar makarantar kimiyya da fasaha ta Gwamnatin Tarayya da ke Kabo, mahaifar Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa Barau Jibrin, na iya ajiye kwamfuta ɗaya ko biyu masu riƙe cikakken kundi a kan wutar sola, ɗalibai su koyi karanta shi da idonsu, su fahimci abin da ake jayayya a kai kafin a yanke. Kuɗin da hakan zai ci bai kai na ƙaramar mota ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na 'yan canjin Wapa ma na iya yin haka, su samu wurin tabbatar da shigar manyan kuɗaɗe ba tare da jiran abin da manhajar wani kamfani ta nuna musu ba. Masu rubuta Ethereum sun riga sun sa wa garambawul na gaba suna, Glamsterdam, kuma ƙara yawan cinikin da uwar kundi za ta ɗauka na cikin manyan abubuwan da ke gabansu.